Bayan Saukar Alhazai: Kwanaki 14 da Ake Sa Ido a Gwarzo da Kabo

A shekarar 1996 dubban maniyyatan Najeriya sun biya kuɗin kujera, sun halarci bita, sun ɗaure kaya, amma ba su ga Arfa ba. Saudiyya ta rufe musu ƙofa saboda annobar sanƙarau da ta mamaye Arewa a bazarar shekarar, wadda ta kwantar da mutum fiye da 100,000, ta kashe sama da 11,000. Kano na cikin wuraren da ta fi yi wa ɓarna, kuma har yau akwai waɗanda ta bari da kurumta.

Cuta ba hanya ɗaya take bi ba. A Hajjin 1987 sanƙarau ya ɓarke tsakanin mahajjata, suka koma da shi ƙasashensu. A 2000 da 2001 wani nau'insa mai suna W135 ya sake bin alhazai gida, zuwa 2002 ya zama annoba a Burkina Faso. Dalilin ke nan da Saudiyya ta wajabta allurar da ke kare mutum daga nau'i huɗu na cutar. Haka kuma bayan da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa tsakiyar 2004, ƙwayar cutar ta tsallaka Sudan, ta isa Saudiyya da Yaman, a 2005 aka tsince ta a Indunusiya.

Mai wannan rubutu jami'in sa ido kan cututtuka ne da ke aiki a yammacin Kano, kuma abin da aikin ya nuna masa shi ne binciken filin jirgin Malam Aminu Kano ba ya wadatarwa. Na'urar auna zafin jiki tana kama wanda zazzaɓi ya riga ya rufe ne kawai. Ƙwayar sanƙarau kuwa takan zauna a maƙogwaron mutum yana cikin ƙoshin lafiya, kuma takan ɗauki kwana 2 zuwa 10 kafin ta bayyana a jikin wanda ya ɗauka. Cutar numfashi ta MERS, da aka gano a Saudiyya a 2012 kuma ake danganta ta da raƙuma, takan kai kwana 14. A wannan tsakanin alhaji ya daɗe da sauka a Getso ko Garo.

A gidan ne aikin yake. Zaure ya cika da 'yan barka da sauka, ana musabaha ana rungume juna, an zuba dabino a faranti, ƙaramin kofi ɗaya na zamzam yana zagayawa daga baki zuwa baki. Cikin gida Hajiya na zaune a ɗaki, tagogi a rufe, ana miƙa mata jikoki ɗaya bayan ɗaya tana sa musu albarka, tana tari tana cewa gajiyar hanya ce. Sau da yawa gajiyar ce da mura. Wani lokaci kuwa ba ita ba ce, kuma jaririn da ke cinyarta shi ne mafi rauni a ɗakin.

Shi ya sa jami'in kan nemi sunayen alhazan yankinsa daga jami'in alhazai na ƙaramar hukuma, ya sanar da asibitocin da ke kusa da su. Kowane mako asibitoci, daga Babban Asibitin Gwarzo har ƙananan ɗakunan shan magani na ƙauyukan Kabo, suna aiko da rahoto, ko da ba su ga komai ba sai sun rubuta sifili. Amma labarin farko ba kasafai yake fitowa daga asibiti ba. Mai kemis ne ke lura an sayi maganin zazzaɓi sau uku daga gida ɗaya. Ungozoma, wanzami, liman da mai unguwa su ke fara jin yaron wane wuyansa ya sanƙare. Idan labari ya iso, a ranar ake zuwa, a ɗauki samfuri, a rubuta duk wanda ya kwana ɗaki ɗaya da maras lafiya, a tura bayani zuwa jiha da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, a Abuja.

Irin wannan bin diddigi ne ya ceci ƙasar a 2014, lokacin da Patrick Sawyer ya sauka a Legas daga Laberiya ranar 20 ga Yuli ɗauke da Ebola. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an gama da cutar a Najeriya.

Ba Hajji kaɗai ke tara mutane ba. Akwai Umarar azumi, taron Maulidi, hawan Sallah, da kasuwar Getso da ke jawo fatake ta titin Gwarzo zuwa Dayi daga Jihar Katsina da gaba. Akwai 'yan ci-rani da ke dawowa noma da faɗuwar damina. Mashaƙon da ya addabi Kano tun ƙarshen 2022 ya fi samun gindin zama a cunkoso da kuma tsakanin yaran da ba a kammala musu rigakafi ba.

Abin da ya fi damun jami'in shi ne katin rigakafin da aka buga wa hatimi ba tare da allura ta taɓa fata ba. Wanda ya sayi irinsa zai iya wuce ma'aikacin filin jirgi, amma haka zai shiga tantin Mina ba kariya, ya dawo wa iyalinsa. Allurar sanƙarau sai an yi ta aƙalla kwana 10 kafin isa Saudiyya take aiki yadda ake so; ana kuma buƙatar ta shawara da ɗigon shan inna.

Bayan dawowa kuma, a karɓi baƙi a fili ko a buɗe tagogi, a ba kowa kofinsa, alhajin da ke tari ya sa takunkumi ya dakata da ɗaukar jarirai. Duk wanda ya ji zazzaɓi mai zafi, ciwon kai da sanƙarewar wuya, sarƙewar numfashi ko gudawa kamar ruwan shinkafa cikin makonni biyun farko, a kai shi asibiti a ranar, a kuma gaya wa ma'aikacin lafiya ƙasar da ya fito da ranar da ya sauka. Inda asibiti ya yi nisa, a sanar da mai unguwa ko a kira lambar NCDC ta kyauta, 6232.