Haƙurin Wanda Ya Yi Hasara Bayan Ya Manyanta

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, malamai sun kasa haƙuri gida uku: haƙuri a kan ɗa'a, da haƙurin barin saɓo, da haƙuri a kan ƙaddara mai ɗaci. Na ukun nan ya fi nauyi ga magidancin da furfura ta fara fito masa. Ga ma'aikacin da masaƙar Gusau ta rufe ta bar shi da iyali, ga manomin Tsafe ko Bunguɗu da 'yan bindiga suka kore masa shanu, suka raba shi da gonarsa. Shaiɗan kan raya wa irin wannan bawa cewa lokacinsa ya riga ya wuce.

To, a dubi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa. An haife shi a 1754, watau yana gab da shekara hamsin sa'ad da matsin Sarkin Gobir Yunfa ya sa ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804. Bayan nasarar Tafkin Kwatto sai aka yi wa jama'arsa mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, inda cikin waɗanda suka yi shahada har da mahaddata Alƙur'ani wajen 200. Dukiya dai akan mayar da ita, amma almajirin da aka yi shekaru ana koyarwa fa? Ga kuma yunwa ta addabi sansani.

Lalle haƙurin Shehu bai zama na naɗe hannu ba, domin wannan kasala ce da ake yi wa laƙabi da tawakkali. Sai ya tashi da jama'a a 1805 zuwa Sabon Gari a ƙasar Zamfara, inda ya taɓa yin shekara biyar yana wa'azi, aka kuwa san shi da alheri. Ashe mutuncin da mutum ya shuka tun yana da ƙarfi, shi ne jarin da hasara ba ta cinyewa. Ko bayan nan ma an sake shan kashi a Alwasa, cikin wannan shekara, bai kuwa juya da baya ba.

Alƙalawa ta faɗi a 1808. Daga baya Shehu ya zauna a Sifawa, ya bar wa ƙaninsa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello gudanar da mulki, ya koma kan karantarwa da wallafa littattafai. Ya rasu a Sakkwato a 1817.