Shan Ƙwaya: Abin da Ya Kamata Malami Ya Sani

'Yan'uwana ɗalibai, yau ina so mu duba wani ciwo wanda kowannenmu zai tarar a aji in ya fita aiki, watau jarabar shan ƙwaya.

Mu fara da yawan abin. A shekarar 2018 aka yi babban bincike a Nijeriya da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya, aka tarar mutum miliyan 14.3, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun sha wani abu mai sa maye cikin shekara guda, ban da giya da taba. Jihar Bauchi kaɗai an ƙiyasta mata kamar mutum 530,000. Cikin kowane mashaya huɗu kuwa, ɗaya mace ce. Saboda haka wanda ke zaton abin na 'yan sara-suka ne kawai, ko na yaran tasha, bai duba da kyau ba.

Wiwi ne ya fi yawa, ga sholisho, ga zaƙami. Amma ni waɗanda suka fi ba ni tsoro su ne masu kama da magani, watau taramol da maganin tari mai kodin, don ba su da wari, ba su da hayaƙi. Tun watan Mayu na 2018 Gwamnati ta hana yin maganin tarin nan da shigo da shi, amma hani bai warkar da waɗanda ya riga ya kama ba.

To, yaya abin ke kama mutum? Kodin in ya shiga jiki, hanta takan juya wani sashe nasa ya zama mofin, maganin nan mai ƙarfi na kashe zafin ciwo. Taramol ma danginsu ne. Ɗan dako a kasuwar Muda Lawal ya sha ɗaya don ya kashe gajiya, ya ji garau. Bayan 'yan makonni jiki ya saba, ɗaya ba ta yi masa kome, sai biyu, sai huɗu. Likita yakan ba da mai lamba 50 ko 100, ta bayan fage kuwa har 225 take kaiwa. Ran da bai samu ba, sai hamma, da zufa, da ciwon gaɓoɓi, da zawo, barci ya ƙaurace masa. Daga nan ba don daɗi yake sha ba, don gudun azaba ne. In ya zarce kima, ko ya faɗi yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, mutane su ce iska ce, ko numfashi ya yi ta raguwa har ya tsaya.

Malami yakan riga iyaye gani, don shi ke riƙe da rajista. Yaro mai ƙoƙari ya soma gyangyaɗi tun darasin farko, rubutunsa ya lalace, ya sake abokai, kullum littafinsa ya ɓace. Ɗaya daga cikin waɗannan ba hujja ba ce, amma in sun taru, lalle a bincika.

A ganina bulala a gaban aji ba ta da amfani a nan, kora kuma miƙa shi ne ga masu sayarwa. A kira shi gefe, a sanar da hedimasta da iyaye, sa'an nan a kai shi asibiti ga likitan ƙwaƙwalwa. Kada a ce ya bari rana ɗaya a gida, gama wanda ya daɗe yana sha, a hankali likita ke rage masa.