Wasiƙa ga Samarin Zongo a Kan Waƙar Na'ura

Zuwa ga 'ya'yana da ƙannena, samari da 'yan matan Zongon Lome, na nan Amoutivé da na can Agoè.

Maganar waƙoƙin da ƙirƙirarriyar basira ke yi ce ta sa na ɗauki alƙalami. Hukuncinta a addini na bar wa malamai, fagensu ne. Ba kuma zan ce ku ajiye wayoyinku ba, don ko na faɗa ba za ku ji ba, kuma da gaskiyarku. Mu ma da piyano ya mamaye waƙoƙin finafinan Kano a ƙarshen shekarun 1990, dattawa sun yi ta cewa an kashe kalangu, muka yi kunnen uwar shegu muka ci gaba da sayen kaset. Kalangu dai bai mutu ba, amma makaɗa da yawa sun rasa abinci, wannan kuwa ba a cika faɗa ba.

Na lura kun kasu gida biyu. Mafi yawanku cewa kuke yi, "In dai ta yi daɗi, ina ruwana da wanda ya yi ta?" 'Yan kaɗan kuma, waɗanda suka yi ta tari har suka sayi makirfo da kwamfuta a kasuwar Déckon suka buɗe ɗan situdiyo a ɗaki, hankalinsu a tashe yake. Yaron da bai san kotso ba bai san kalangu ba, yanzu sai ya rubuta layi biyu a manhajar Suno, kafin shayinsa ya huce waƙa ta fito da kiɗanta da amshinta.

Fargabarsu tana da tushe. Kamfanin Deezer na Faransa ya ce a Janairun 2025 waƙoƙin na'ura zalla kusan 10,000 ake ɗora masa kullum, zuwa Nuwamban shekarar sun kai 50,000, wato wajen sulusin duk abin da ke shigo masa a rana. A gwajin da ya yi tare da kamfanin bincike na Ipsos, kashi 97 cikin 100 na masu saurare sun kasa bambance ta mutum da ta na'ura. Saboda haka kada wani a cikinku ya yi mini alfahari da kaifin kunne. A 2025 ɗin ma wata ƙungiya mai suna The Velvet Sundown ta tara masu saurare fiye da miliyan 1 a wata a Spotify, alhali babu ɗan Adam ko ɗaya da ya riƙe garaya ko jita a cikinta.

To amma ku san yadda abin yake aiki. Injin niƙa ne: ba a zuba masa dawa ya fito da garin gero. An ɗura masa waƙoƙin mutane masu ɗimbin yawa, ya koyi yadda sauti ke bin sauti, sai ya riƙa fito da mai kama da su. Shi ya sa a Yunin 2024 kamfanonin waƙa na Universal da Sony da Warner suka kai Suno da takwararta Udio kotu a Amurka, suna cewa an ci guminsu ba izini. Daga baya wasunsu suka sasanta, aka shiga kasuwanci tare. Su suna da lauyoyi. Magadan Barmani Choge ko na Ɗan Maraya Jos fa, wa zai tsaya musu?

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ba a zuba wa injin ba. A 1977 hukuma ta rushe tsohon Zongon Lome, aka kwashe mutane zuwa arewacin gari, tazarar wajen kilomita 15. Wani Bafaranshe, Michel Agier, ya zauna da fataken shanu da na goro, ya fitar da littafi a kansu a 1983, cikin Faransanci. Mun gode masa, amma littafi ba ya guɗa. Wane maigida ne ke sauke baƙi daga Sakkwato, wane ke sauke na Maraɗi, da wane kirari maroƙi ke tarbar sarkin pawa, wace zabiya ce in ta buɗe baki a gidan biki uwar amarya take fashewa da kuka, duk wannan a bakin tsofaffi ya rage, su kuwa kullum raguwa suke yi. Ka ce wa na'ura ta yi maka waƙar aure, za ta yi, har ta sa sunan amarya. Amma ba ta san kakar amaryar ce ta yi renon rabin 'yan layinsu ba, ba ta san tsohuwar gabar da ke tsakanin gidajen biyu ba, wadda maroƙi mai hankali zai kewaye ta da baiti ɗaya kowa ya yi dariya a wuce wurin. Don wannan sanin ake yi wa maroƙi liƙi. Murya kam, masu ita da yawa.

Ga inda nake so ku mori basirar. A Nuwamban 2023 sauran 'yan Beatles biyu da ke raye suka saki waƙar "Now and Then", bayan an yi amfani da na'ura an tsamo muryar John Lennon daga wani tsohon kaset mai hayaniya da ya naɗa a gida kafin a kashe shi a 1980. Muryarsa ce ta gaskiya, kalmominsa ne, matarsa ce ta ba da kaset ɗin. Ku bincika akwatunan iyayenku. Akwai kasakasan biki da na suna da na Mauludi da danshin teku ke ci a hankali. Ku juye su a waya, ku tace hayaniyar, ku kai wa mai abin ya ji tun yana da rai.

Gyaran murya daban, aron murya daban. A Afrilun 2023 wani ya kwaikwayi muryoyin Drake da The Weeknd ya saki waƙa, mutane suka yi ta yaɗawa kafin a sauke ta. Abin da aka yi musu za a iya yi wa kowa. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999. Mutum ne da ke tsayawa gaban jama'a ya dubi wanda zai yi wa waƙa ya ƙirƙira ta nan take, in ya ga dama ya yabe ka, in bai gani ba ya ƙi. Ka sa masa kalmomin tallar ɗan siyasa ko na maganin basir a baki, ka yi wa mamaci ƙarya, ba shi kuma da halin ƙaryatawa. Ku tambayi abokanku 'yan unguwar Bè ko za su yarda a yi wa mawaƙiya Bella Bellow haka, ita da ta rasu tun 1973.

Na masu rai ya fi muni. Ku 'yan mata, saƙon murya na WhatsApp da 'yan hotuna sun isa a haɗa miki bidiyon rawar da ba ki taka ba. Ku samari, wanda ya yi wa 'yar mutane haka da sunan wasa ya sani Zongo ƙarami ne, kafin la'asar abin ya isa gidan surukai, kuma kakar ango ba ta san wata ƙirƙirarriyar basira ba, idonta ta yarda da shi. Wanda aka turo wa ya tura gaba, shi ma da hannunsa a ciki.

Masu neman abinci da waƙa, ku karanta sharuɗɗan manhaja kafin ku danna. A Suno, waƙar da aka yi a tsarin kyauta ba a yarda a yi kasuwanci da ita ba. Ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya ce a Janairun 2025 abin da na'ura ta fitar daga umarni kawai ba shi da kariya. Don haka ku rubuta baitinku da kanku, ku rera da bakinku, ku kai BUTODRA, ofishin haƙƙin mallaka na Togo, a yi muku rajista. In kun sa na'ura a kiɗa, ku faɗa wa wanda ya ba ku aikin tun kafin a yi ciniki. Kada ku raina fili: mawaƙan Toofan da rawarsu ta Cool Catché daga unguwannin garin nan suka taso, kuma wanda ya iya riƙe taro shi ake kira biki.

In za ku naɗi tsofaffi, ku nemi izini tukuna, ku je da goro, kada ku katse su ko sun yi nisa. Ku rubuta sunan mai magana da ranar da aka yi, ku ajiye a wuri biyu, don waya tana ɓata a kan zemijan, wato acaɓa.

A gaida mutanen gida.

Wassalam,
Kawunku na Amoutivé