Darasi na 18: Albasa tana barci

I. Mu karanta

A birnin Akra, babban birnin ƙasar Gana, akwai unguwannin da ake kira zango. Nima da Mamobi suna cikin manyansu. Hausawa da Zabarmawa da Dagomba da Mosi da Fulani suna zaune tare a can, kuma Hausa ce yaren kasuwa.

A zango ba a ɗora tukunya sai da albasa. Miyar tuwon zafi tana son albasa, wake da shinkafa ma haka. Amma ba a Akra ake noma yawancinta ba. Mai yawa daga Nijar take zuwa. Wadda ta fi suna ita ce jar albasar Galmi, wani gari na jihar Tawa, tsakanin Ƙonni da Madawa. Manyan motoci suna kwanaki bisa hanya kafin su iso. A da, a kasuwar Agbogbloshie ake sauke buhunan. A shekarar 2021 aka mai da kasuwar albasa Adjen Kotoku, can bayan gari.

Wata rana cikin watan Mayu, wata yarinya ƴar Nima ta sayo wa uwarta albasa kwano guda. Ta bar ta cikin leda, kusa da randa. Bayan mako biyu ta buɗe leda. Wasu sun ruɓe suna wari. Wasu kuwa sun fid da koren tsiro. Ta ɗauki guda ta kai wa kawunta, wanda ya taɓa noman albasa a Galmi.

— Kawu, wa ya shuka wannan? Ko ƙasa ba ta taɓa ba!

— Ɗiyata, ke kika tashe ta. Albasa ba matacciya ba ce, barci take yi. Kin ba ta laima, sai ta zaci lokacin tashi ya yi.

Kawu ya ɗauki wuƙa ya raba albasar biyu, daga wuya zuwa gindi.

— Duba nan. A waje ga ɓawo busasshe, shi ne rigarta. A ciki ga ganyaye masu kauri, sun rungumi juna. Nan ta tara abincinta. A tsakiya ga ɗan tsiro. A gindi kuma ga wurin da saiwa ke fitowa.

— To, Kawu, me za ta yi da abincin da ta tara?

— Guzuri ne. Rayuwar albasa zango biyu ce. A na farko, ana shuka iri, ta yi ganye, ta yi kai. A na biyu, ana mai da kan cikin ƙasa, ya ci guzurinsa, ya yi fure, ya ba da iri. Tsakanin zangon biyu akwai barci na watanni. In kan ya ruɓe cikin barci, babu fure. In babu fure, babu iri. Manomin da ya rasa iri kuwa, sai ya saya da tsada ko ya bar garkarsa fayau.

II. Yadda ake kula da albasar iri

A ƙasar Galmi ana cire albasa mai yawa a watannin Maris da Afrilu. In ganye ya fara kwanciya, manomi yana daina ban ruwa. Bayan ƴan kwanaki sai ya tone. Yana barin kawunan su sha iska, ya rufe su da ganyensu don kada rana ta ƙone su. In wuya ya bushe, sai ya yanke ganyen, ya bar ɗan tsawo kamar yatsa biyu.

Daga nan sai zaɓe. Ba kowace albasa ake ajewa don iri ba. Ana ɗaukar mai tauri, mai kyan launi, mai siririn wuya, wadda ba ta da rauni. Mai rauni ita ce ke fara ruɓewa, ta kuma shafa wa maƙwabtanta.

Ana aje su cikin rudu. Rudu ɗan ɗaki ne na kara da ciyawa, kamar rumbu, an ɗaga shi daga ƙasa. Iska tana shiga ta ko'ina, ruwan sama ba ya shiga. A nan albasa ke wuce bazara da damina. Manomi yana leƙawa a kai a kai, yana fid da wadda ta lalace.

In damina ta wuce, wajen Oktoba ko Nuwamba, sai a dasa kawunan. Sanyin ɗari yana taimaka masu su fid da dogon kara. A bisa karan, fure fari ke fitowa, dunƙule kamar ƙwallo. Ƙudan zuma da ƙudaje suna yawo bisa furanni. Daga baya sai a samu iri, ƙanana baƙaƙe. Irin albasa ba ya son daɗewa: in ya wuce shekara, ƙarfin tsirarsa yana raguwa.

A Akra aikin ajiya ya fi wuya. Garin yana bakin teku, iskarsa tana da laima. Ana ruwa mai yawa daga Afrilu zuwa Yuli, a sake yin kaɗan wajen Oktoba. Don haka uwar gida a Nima ko Mamobi ba ta barin albasa cikin leda. Tana zuba ta cikin kwando, ta rataye a inuwa, nesa da randa.

III. A wasu ƙasashe

A ƙasashe masu sanyi, kamar Faransa, akwai furanni masu kai irin na albasa. Ɗaya daga cikinsu shi ne firitilari. Furensa yana kallon ƙasa kamar ƙararrawa. Wani babban irinsa daga duwatsun Iran da Turkiyya ya fito. Ana binne kansa wajen Satumba ko Oktoba. Yana kwana cikin ƙasa duk tsawon hunturu, ya yi fure wajen Afrilu. Sanyi ba ya kashe shi, yana ma bukatarsa. Abin da ke kashe shi shi ne ruwa mai kwanciya. Kan nasa yana da ɗan rami a sama inda ruwa ke taruwa. Shi ya sa masu lambu ke zuba rairayi a ramin shuka, su kwantar da kan ta gefe. Kun gani, yara? Nesa da kusa, maƙiyin mai barci guda ne.

IV. Ma'anar kalmomi

- albasa: l'oignon
- kan albasa: le bulbe
- tsiro: le germe
- saiwa: la racine
- fure: la fleur
- iri: la semence
- laima: l'humidité
- garka: le jardin

V. Tambayoyi

1. A wace ƙasa Nima da Mamobi suke?
2. Me ya sa albasar yarinyar ta tsira cikin leda?
3. Ku faɗi sassa huɗu na kan albasa.
4. Wace irin albasa ake zaɓa don iri?
5. Me ya sa ake ɗaga rudu daga ƙasa?
6. Me ya haɗa albasar Galmi da firitilari?

VI. Lissafi

Wani manomi ya aje kan albasa 240 cikin rudu. Kashi ɗaya cikin huɗu ya ruɓe. Nawa suka rage masa na dasawa?

VII. Aikin yi

Ku kasu gida biyu. Kowane gida ya samo albasa 3 masu kyau. Gida na farko ya sa nasa cikin leda, ya yayyafa ruwa kaɗan, ya ɗaure. Gida na biyu ya sa nasa cikin kwando, ya rataye a inuwa. Kowace Litinin ku duba, ku zana abin da kuka gani cikin littafinku. Bayan mako 4, ku gaya wa malam abin da kuka gane.

VIII. Mu riƙe

Kan albasa yana da rai. Cikin barcinsa yana son abu uku: bushewa, iska da inuwa. Wanda ya kula da kai a damina, shi ke samun iri da rani.