Neman Madogara a Kaduna da Yadda Ake Tace Ta

Ɗalibin da ya nufi rubuta kundi kan tarihi ko adabin Hausa ba shi da makawa sai ya ratsa birnin Kaduna. A can akwai Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa, akwai kuma Gidan Arewa, wato tsohon gidan Sardauna Ahmadu Bello, wanda aka mayar cibiyar bincike a 1970 ƙarƙashin Farfesa Abdullahi Smith.

Sai dai samun takarda daban, amincewa da ita daban. Lalle ne mai nazari ya tambayi kansa: wa ya rubuta, yaushe, kuma don me? Alal misali, rahotannin gundumomi da razdanoni da joji-joji suka bari, galibinsu don yanka haraji aka yi su, kuma sau da yawa ta bakin tafinta aka ji bayanin. Haka nan tatsuniyoyin da Frank Edgar ya buga daga 1911 zuwa 1913, malamai ne suka rubuta su da ajami kafin a mayar da su boko.

Saboda haka kada ɗalibi ya kafa hujja da madogara guda. Ya gwama ta da rubuce-rubucen Larabci, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da abin da dattawa suka riƙe. Inda suka saɓa, ya bayyana saɓanin a fili.