Gashin Nama A Murhun Gas

Sau da yawa na kan ji masu koyon girki suna cewa, wai in an fara ɗora nama bisa wuta mai tsanani sai bayansa ya toshe, romon ya tsaya ciki. Maganar ta daɗe, don wani masani Bajamushe, Justus von Liebig, ya yaɗa ta tun 1847. Amma ba haka abin ya ke ba. Ku kasa kunne in nama na bisa wuta. Ƙarar nan da ku ke ji, ai ruwansa ne ke fita yana ƙonewa.

To, ina amfanin wutar farko? Ɗanɗano. In zafi ya kai wajen digiri 140, sai ɗan sukarin da ke cikin nama ya gamu da sinadarin gina jiki, bayan ya yi ja, ƙanshi ya tashi. Wani Bafaranshe, Louis Maillard, shi ya bayyana wannan a 1912. Ruwa kuwa a digiri 100 ya ke tafasa, ba ya wucewa. Watau jiƙaƙƙen nama dahuwa ya ke yi, ba gasuwa ba. Don haka ni ba na ɗora nama sai na tsane shi da tsumma mai tsabta.

Ga yadda na ke yi. Na kan buɗe murfin kafin in kunna, don gas in ya taru ciki ya kan tashi bal ya babbake fuskar mutum. Sa'an nan in rufe kamar minti 10, waya ta ɗau zafi. Gefe guda in ba shi wuta sosai, ɗayan kuwa kaɗan. In ɗora naman a gefen zafi, in ƙyale shi minti 2 ko 3. Mai gaggawa ya kan ɗaga da wuri, tsoka ta yage. In ya yi ja, da kansa zai saki waya. A juya shi, sa'an nan a mai da shi gefen ƙaramar wuta, a rufe, cikinsa ya nuna a hankali. Ku dubi mai tsire, ai kewaye da wuta ya ke kafa tsinkensa, don kada ƙuli-ƙuli ya ƙone nama bai nuna ba.

In kitse ya ɗiga wuta ta tashi, janye naman kurum, kada a watsa ruwa. Kaza kuwa, ja a baya ba shaida ba ne, sai zafin tsakiyarta ya kai digiri 74. In an sauke, a dakata minti 5 kafin a sa wuƙa.