Kifin Teku a Cikin Ganuwar Kano

Tsakanin Kano da bakin teku a Legas akwai tafiyar kilomita wajen 1,000, amma duk wanda ya zaga Kasuwar Rimi ko ya bi lungunan cikin birni da magariba zai tarar da kifin ƙanƙara ana soyawa. Ba daga dam ɗin Tiga ko Challawa ya fito ba, kamar tarwaɗa da karfasa. Daga ruwan gishiri yake.

Masana ilmin halittu sun kasa kifayen teku gida biyu manya: masu ƙashi, da masu guringuntsi, wato irin su shak. Waɗanda muke ci kusan duk 'yan gidan farko ne. Da yake kowace litar ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35, ruwan jikinsu kullum tsotsewa yake yi. Don haka sai su sha ruwan tekun, su fitar da gishirin ta jan naman nan na gefen kai da suke numfashi da shi.

A cikinsu akwai masu yawo garke-garke kusa da saman ruwa: taitus mai zane a baya, da shawa mai yawan ƙaya, da kote. Waɗannan a cikin tsoka suke tara mai, shi ya sa suke da maiƙo da sinadarin omega-3 mai amfani ga zuciya. Abin mamaki, taitus na arewacin Atlantika ba shi da jakar iskar da ke hana kifi nitsewa, sai dai ya yi ta iyo. Fanla kuwa ɗan zurfi ne, namansa fari, mansa a hanta. Danginsa ne kifin kod, wanda Kanada ta hana kamawa a gaɓar Newfoundland a 1992 bayan an kusa ƙarar da shi.

Sai dai mai karatu ya lura da taitus. Idan ƙanƙara ta narke ya jima cikin zafi, kamar yadda kan faru in wuta ta ɗauke a watan Afrilu, ƙwayoyin bakteriya kan samar da sinadarin histamin a namansa. Wanda ya ci zai ga fuska ta yi ja, ga ƙaiƙayi da ciwon kai, galibi kafin awa guda. Suya ba ta kashe wannan guba, yaji ma ɓoye ta kawai yake yi. In an danna kifi da yatsa gurbin ya zauna, ko cikinsa ya fashe, a bar wa mai shi.